Fata ta saki bayan rage ƙiba: a yanke ta ko a zauna da ita?

Ranar da sikeli ya nuna min kilo 82 na ɗauka an gama, daga 128 na taso, shekara biyu da 'yan watanni ina fama, na bar lemon kwalba, na rage tuwo da shinkafa, kullum bayan asuba ina zagaya unguwa. Suga ya daidaita, gwiwa ta daina ciwo, ina zaman tahiya ba sai na miƙe ƙafa ba, alhamdulillahi. Amma babu wanda ya taɓa ce min fatar ba za ta biyo ni ba. Cikin ya zazzago ya rufe mara, damtse in na ɗaga hannu zan ɗaura ɗankwali sai ya riƙa lilo, cinya kuma tana gugar juna har ta yi ja. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne watan Afrilu, zafin nan da yake haura digiri 40, na fito wanka na ɗaga fatar ƙasan cibiya da hannu biyu sai na ga wurin ya saɓule ya yi jajir yana tsatstsafar ruwa, ga wani ɗan wari da sabulu bai fitar ba. Ranar na zauna bakin gado na yi kuka sosai.

Tun daga lokacin nake bincike, na ga likitoci, na zauna da wata ƙawata da aka yi wa aikin ina kallon yadda take jinya, shi ya sa na ce bari in shimfiɗa miki hanyoyin a gefen juna 'yar uwa, ki auna da kanki. Ina cewa ke ne dan mu mata muka fi yin maganar, amma maza ma na fama da shi, musamman a ƙirji da tumbi, su dai shiru suke yi.

Fata tana da wasu zaruruwa a cikinta, kolajin mai ba ta ƙarfi da ilastin mai sa ta koma in an ja ta. Kin san robar siket, in kika ja kika saki nan take sai ta koma, amma wadda ta shekara goma a miƙe ko kin cire ta haka za ta zauna a sake. To haka fata take. Yawan kilon da kika sauke, shekarun da kika yi da ƙibar, shekarunki na haihuwa, yawan cikin da kika ɗauka, gado, shan taba ko shisha, duk suna da hannu. Wadda ta sauke kilo 15 tana 'yar shekara 25 ba ɗaya take da wadda ta sauke 45 tana da shekara 40 da haihuwa biyar ba, kuma wallahi yawancin hotunan da ake nuna mana a Instagram na rukunin farko ne. Nankarwa ma alama ce, in ta yi yawa kuma ta yi faɗi a wuri to zaruruwan wurin sun riga sun tsinke, ba a cika samun komawa sosai ba.

Kafin komai ki tabbatar fata ce ba sauran kitse ba. Ki kama wurin da yatsu biyu, in ya taho siriri yana yamutsewa kusan kamar fatar bayan hannu to fata ce, in kuwa ya cika miki hannu da kauri to akwai sauran kitse a ƙasa kuma da sauran tafiya a gabanki.

Hanya ta farko ita ce jira da gina tsoka, kuma ko da tiyatar za ki yi daga ƙarshe sai kin bi ta nan, babu tsallakewa. Fata tana ci gaba da ɗan komawa a hankali har shekara ɗaya zuwa biyu bayan nauyi ya tsaya, dan haka abin da kike gani a wata na uku ba shi ne ƙarshen magana ba. Ɗaga ƙarfe ba ya tsuke fata, wannan ki sani tun yanzu, abin da yake yi shi ne ya cika gurbin da kitse ya bari da tsoka sai fatar ta samu abin kwanciya a kai. Ni da jarkar ruwa mai lita 5 na fara a tsakar gida, sau uku a sati, da tsugunna-tashi ina riƙe da kujera, daga baya na sayi ƙananan ƙarafa. Bayan wajen wata takwas kafaɗa da damtse da mazaunai sun canza sosai, rigar da take rataye a jikina ta fara zama. Amma fatar ciki ko gezau, dan tsokar ciki shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta kumburowa ta cika jaka irin wannan, duk wanda ya ce miki motsa jikin ciki zai ɗauke fatar da ta zubo kan mara bai faɗa miki gaskiya ba. Sai abinci, tsoka ba ta ginuwa da kunu da biredi, ana son furotin a kowane cin abinci, wake, awara, ƙwai, kifi, nono, nama in an samu. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6 ne kawai, masu motsa jiki kuma ana ba su shawarar kamar giram 1.2 zuwa 1.6 a kowane kilo na nauyinsu a rana, kin ga ke nan ƙwai biyu da safe bai kai ko'ina ba. Mai ciwon ƙoda kar ta ƙara furotin sai da izinin likita.

Kyawun wannan hanya babu haɗari, kuɗinta kaɗan ne, kuma ko ba dan fata ba tana taimaka miki kar ƙibar ta dawo. Wahalarta ita ce zama da fatar kullum, kuma nan ne aikin yake. Bayan wanka sai na ɗaga kowane ninki na tsane shi da tawul, ba gogewa ba, dannawa, sannan in tsaya gaban fanka minti biyu ya bushe ƙarau. Na yanka tsohon zanin atamfa mai laushi ƙanana ina sa ɗaya a ƙarƙashin fatar ya tsotse gumi, in canza da azahar. Man zink oksayid irin wanda ake shafa wa jarirai in famfas ya ci musu jiki yana kare wurin daga saɓulewa. In ya yi ja yana ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje a gefe yawanci fangas ne, wato ƙwayar cutar fata mai son wuri mai laima, man kulotirimazol ake bayarwa. Dan Allah ki guji mayukan nan na kemis masu haɗi uku da suke ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin kwantar da kumburi, suna kwantar da ƙaiƙayi a kwana biyu amma suna sirantar da fata su ƙara nankarwa, fangas ɗin kuma ya dawo da ƙarfinsa. Mayukan bilicin da yawa ma sitiroyid ne a cikinsu, fatar da ta sha su ba ta saurin warkewa in an yanka. A wankan tsarki kuma a tuna a ɗaga ninkin ruwa ya shiga.

Rigar matsi da gadul suna cikin wannan hanyar. Suna riƙe fata ta daina lilo, ki yi tafiya ko gudu ba zafi, ɗinki ya zauna miki, ni dai su suka dawo da ni gidan biki. Amma da kin cire fata ta koma yadda take, kamar dai ɗaurin cikin da iyayenmu ke yi wa mai jego, tallafi ne ba magani ba. Ki nemi wadda za ki iya numfashi da ruku'u a cikinta, kar ki kwana da ita, kuma lokacin zafi a samu biyu ana wankewa.

Hanya ta biyu ba zan daɗe a kanta ba dan ban ga abin daɗewa ba. Mayukan tsuke fata, shayin ɗame ciki, naɗe ciki da leda, garin kolajin da ake sayarwa a WhatsApp, na kashe kuɗi a uku daga ciki. Mai yana sa fata laushi da sheƙi, man kaɗanya ma na yin wannan, amma ba ya isa can ƙasa inda zaruruwan suka tsinke. Na'urorin da ke ɗumama ƙasan fata a wuraren gyaran jiki suna ɗan yin aiki ga sakin da bai yi yawa ba, kamar ƙasan haɓa ko ɗan yamutsin ciki bayan haihuwa ɗaya, sai an yi ta maimaitawa kuma ana biya duk zuwa. Fatar da kike iya ɗagawa da hannu biyu ta fi ƙarfinsu. Zuƙe kitse, wato laifosakshan, shi ma ba ya cire fata, in aka yi shi shi kaɗai a jikin da ya saki sai ma ya ƙara sakin.

Saura tiyata, ita kaɗai ce take cire fatar da gaske, kuma ita ce ta fi buƙatar a yi mata dogon tunani. Ba aiki ɗaya ba ne. Akwai wanda ake kira panikulektomi, a yanke fatar nan da ta zubo kan mara kawai a ɗinke, ba a taɓa tsoka, ba dan kyau ake yin sa ba, dan lafiya ne, a raba ki da ƙuraje da nauyin da ke jan baya. Akwai abdominoplasti, shi kuma bayan cire fata ana ɗinke tsokar ciki da ta rabu a ja ta ta haɗe, a fitar wa cibiya sabon wuri, ciki ya fi shafewa amma jinyar ta fi tsawo da zafi. Wadda fatarta ta saki har ta gefe akan ƙara mata yanka a tsaye daga ƙasan ƙirji zuwa mara, wata kuma a zagaye ƙugun gaba ɗaya har baya a ɗaga mazaunai. Na damtse daban, na cinya daban, na nono daban, kuma likitan kirki ba zai haɗa miki su duka rana ɗaya ba, ana raba su da watanni a tsakani. Fatar da ake cirewa yawanci 'yan kiloli ne, dan haka kar ki shiga da niyyar rage nauyi.

Abin da nake so ki riƙe shi ne tiyata musaya ce, ki ba da fata a ba ki tabo. Na ciki yana tafiya daga ƙashin ƙugu zuwa ɗaya ƙashin, shi wando na rufe shi. Na damtse daga hammata har gwiwar hannu, wannan duk ranar da kika sa ƙaramin hannu a cikin gida ana ganin sa. Mu masu baƙar fata kuma mun fi saurin yin tabo mai tasowa ya yi tudu yana ƙaiƙayi, wanda likitoci ke kira kiloyid, ki duba hujin kunnenki, tabon tiyatar haihuwa in an taɓa yi miki, ko wani tsohon yanka, in sun taso to ki faɗa wa likita tun a zaman farko dan wannan kaɗai zai iya canza shawarar, musamman a damtse da ƙirji. Tabo yakan ɗauki shekara ko fiye kafin ya kwanta ya dushe.

Ƙawata da aka yi wa na ciki na je mata kwana huɗu da fitowa. Tana tafiya a duƙe kamar mai neman allura a ƙasa dan fatar a ja take ba ta iya miƙewa, robobi biyu sun fito ta gefen mararta suna zubar da ruwa ja-ja cikin 'yan kwalabe da aka maƙale mata a jikin riga, ƙanwarta na juyewa tana rubuta yawansa a takarda safe da yamma. Kwanciya sai da filo uku a baya biyu a ƙarƙashin gwiwa. Tari ko dariya sai ta danne cikin da filo. Bayin tsugunno ya gagara sai da aka sayo kujerar bayi, sallah a zaune ta yi ta makonni, ɗanta ɗan shekara biyu yana miƙo hannu ba halin ɗauka dan an hana ta ɗaga abu mai nauyi sati shida, rigar matsi ma kusan sati shida dare da rana. A sati na uku wani ɗan wuri a tsakiyar ɗinkin ya buɗe aka yi ta zuwa wankin ciwo har wata guda. Yau shekara ta wuce, ƙasan cibiyarta har yanzu in ta taɓa ba ta ji sosai, amma ƙurajen da suka shekara suna cin ta sun tafi, ta ce da za a mayar da ita baya za ta sake yi. Ta kuma ce da ba ta da ƙanwar nan a gida da ba ta san yadda za ta yi ba.

Irin waɗannan ƙananan matsaloli, taruwar ruwa a ƙarƙashin fata, buɗewar ɗinki, ƙwayoyin cuta, ba baƙin abu ba ne ga waɗanda suka sauke nauyi mai yawa, sun fi samun su fiye da sauran mutane. Babban abin tsoro shi ne jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu, shi ya sa ake tayar da mutum ya taka tun washegari. Kuma kuɗi ba ya kare mutum daga haɗari, Stella Obasanjo tana matar shugaban ƙasa ta rasu a Sifaniya a watan Oktoban 2005 bayan tiyatar gyaran jiki. Ban kawo wannan dan in tsorata ki ba, na kawo ne dan kar wani ya ce miki ɗan ƙaramin aiki ne.

Akwai sharuɗɗan da in ba su cika ba jira ya fi miki. Nauyinki ya tsaya wuri ɗaya aƙalla wata shida. In da tiyatar rage ƙiba kika rage, wadda ake ƙanƙance jakar abinci ta cikin ciki, a bari shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta wuce, a auna jini, sinadarin ayon mai ƙara jini, bitamin B12 da furotin, dan masu irin wannan aikin sukan rasa su kuma ciwo ba ya warkewa babu su. In da allurar Ozempic ko Mounjaro kika rage, ki fara sanin me zai faru in kin daina, dan yawancin mutane nauyi na dawowa bayan an bar allurar, kuma dole mai ba da maganin barci ya san kina yin ta. Suga da hawan jini su daidaita. Taba da shisha a bar su aƙalla sati huɗu zuwa shida kafin aiki. Sai babba a wajenmu, haihuwa, in kina sa ran wani cikin ki dakata da na ciki, ba wai ba za ki iya ɗauka ba ne, za ki iya, amma cikin zai sake buɗe abin da aka ɗinke.

Wajen zaɓen likita kar kunya ta hana ki tambaya. Ya zama yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, kuma ƙwararre ne a tiyatar gyaran jiki, ba likitan da ya yi kwas na sati biyu ba, suna da ƙungiyarsu NAPRAS. Su ne dai likitocin da ke gyara ƙuna da tsagaggen leɓe a manyan asibitoci irin su Shika da Malam Aminu Kano da Dala, ko shawara kawai kika je nema ba ki yi asara ba. Ki tambaya wa zai ba da maganin barci, akwai ɗakin kulawa ta musamman, akwai jini a ajiye, ki ce a nuna miki hoton tabo a baƙar fata bayan shekara ɗaya ba bayan sati biyu ba. Masu tafiya Turkiyya ko Indiya ko Masar kuma, akwai ƙwararru a can babu musu, amma matsalolin nan a sati na biyu da na uku suke ɓullowa lokacin kin dawo gida, ga doguwar tafiyar jirgi da sabon ɗinki tana ƙara haɗarin daskarewar jini, dan haka sai kin tanadi likitan da zai karɓe ki a nan tun kafin ki tafi. Kuɗi kam ko ina ne maganar miliyoyi ake, inshora kuma ba ta cika biyan abin da ta ɗauka na kwalliya ba ne, shi ya sa duk lokacin da wurin ya yi ƙuraje ki je asibiti a rubuta a fayil ɗinki, wannan shaidar ce ke nuna lalura ce. In da hali a sa aikin lokacin sanyi, rigar matsi a watan Afrilu azaba ce.

Ni abin da ya daɗe yana min nauyi a zuciya shi ne ko canza halittar Allah ne. Malamai sun bambanta gyaran da ake yi dan neman ƙarin kyau da wanda ake yi dan kawar da cuta ko aibi a mayar da jiki yadda yake, suna kafa hujja da sahabi Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma a zamanta na Malesiya a 2007 ta bi wannan rarrabewar. Ki kai wa malamin da kika yarda da shi bayanin halin da kike ciki dalla-dalla, har da maganar ƙurajen, kar ki tsaya a “ina so in gyara cikina”.

Akwai kuma ɓangaren da wuƙa ba ta kai wa. A wajenmu ƙiba alamar hutu ce, har magungunan sha ka fashe ake saya dan a yi ta, to ke da kika rage sai ki ji ana “lafiya kuwa? kin lalace”, wata gwaggona har ta ja ni gefe tana tambaya ko maigidan ne ba ya kula da ni. Kin fito daga gorin ƙiba kin shiga gorin rama, ga abin da kike ɓoyewa a ƙarƙashin hijabi. Kusan shekara ina kashe fitila kafin in cire kaya, sai da na daure na nuna wa mijina da rana tsaka na ce ga abin da nake ɓoye maka, ya ce ai ya daɗe da sani, jira yake in yi magana. Ƙwaƙwalwa ma tana jinkiri, har yanzu nakan ce wa tela ya ƙara yadi sai ya nuna min awo. In kin ga kina shafe awanni a gaban madubi, kin daina fita, ko kina ganin in aka cire fatar ne aurenki ko rayuwarki za su gyaru, ki fara ganin likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, dan masu irin wannan damuwar sau da yawa bayan aiki sai hankalinsu ya koma kan tabon ko wani wurin daban.

In za ki tambaye ni, wadda ta sauke ƙasa da kilo 20, ko ba ta kai shekara da tsayawa ba, ko tana son ƙarin haihuwa, ko jikinta na yin kiloyid, ta riƙe ƙarfe da furotin da rigar matsi ta ba jikin lokaci. Wadda fatar ke yi mata ciwo duk bazara, tana hana ta tafiya ko tsarki yadda ya kamata, ta cika sharuɗɗan nan kuma tana da mai jinya na sati shida, ta je ta ga likita ba tare da jin ta yi laifi ba. Ni damtse na bar shi, na kalli tabon a jikin wata na ga na fi iya zama da lilon. Na ciki kuwa ina so, ƙaramin, wanda za a cire abin da ya zubo kawai. Muna fatan ƙarin haihuwa ɗaya in Allah ya kawo, dan haka likita ya ce in dawo bayan yaye, kafin nan ina zuba adashi wata-wata kuma duk ƙurjin da ya fito ina kai shi a rubuta.